Kwamfutar wasan intanet ga mai ƙaramin ƙarfi: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum yana son wasansa na intanet ya tafi sumul, kuɗin hannunsa kuma ba su taka kara sun karya ba. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Ina buga Counter-Strike 2 da Valorant. Ina tsaka da wasa sai komai ya tsaya cak, kafin in ankara an gama da ni. Wani lokaci kuma in yi gaba, sai in ga an mayar da ni inda na baro. Na tara 'yan kuɗi zan sayi sabon katin hoto. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Matsaloli biyu ka kwatanta mini, kuma ba lallai ne tushensu ɗaya ba.

Ta farko daga cikin kwamfutar take. Wasa jerin hotuna ne da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, adadin da ake zanawa a sakan guda shi ne FPS. Idan kana samun 60, kowane hoto na ɗaukar milisakan 16.7. Idan 144 ne, milisakan 6.9. Muddin kwamfutar ta makara wajen zana wani hoto, za ka ji wasan ya yi tuntuɓe.

Ta biyu a hanya take, tsakaninka da uwar garken wasan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa dukan masu wasa. Duk motsin da ka yi saƙo ne da zai je can ya dawo, lokacin da ya ɗauka shi ne wasanni ke nunawa da sunan ping. Wannan mayar da kai baya da ake yi, alamar hanya ce ƙarara. Kwamfutarka ba ta jiran izini kafin ta nuna maka ka motsa. Idan saƙon motsin ya ɓace ko ya makara, uwar garke na nan a kan cewa ba ka gusa ba, sai ta dawo da kai inda ta san kake. Ko ka sayi katin hoto (sashen da ke zana hotunan wasa) mafi tsada a duniya, ba zai taɓa wannan ba.

Ga yadda za ka rarrabe su ba tare da ka kashe ko sisi ba. Duka wasannin biyu suna da saitin da ke nuna FPS da ping da yawan saƙonnin da suka ɓace a kusurwar allo. Kunna shi, ka sa ido lokacin da wasan ya tsaya: wace lamba ce ta motsa? Sannan ka shiga Counter-Strike 2 ka buga da 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa, kai kaɗai. In ya tafi lafiya lau a nan, laifin na intanet ne. In ya ci gaba da tuntuɓe, sai mu koma kan kayan cikin akwati.

A nan ma kada ka yi gaggawar ɗora wa katin hoto laifi. Sauke MSI Afterburner, kyauta ne, ya nuna maka aikin da kowane sashe ke yi yayin wasa. Idan katin yana aiki kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, shi ne ya kai iyakarsa. Idan yana zaune a kashi 50 ko 60 amma FPS na ƙasa, jiran furosesa (sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi) ko RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) yake yi. Akwai gwaji mafi sauƙi ma: rage girman hoton da wasan ke zanawa, daga 1080p zuwa 720p. FPS ya tashi sosai? Katin ne. Bai motsa ba? Furosesa ce. Irin wasannin da ka ambata sun fi jingina a kan furosesa, shi ya sa nake tsoron ka sayi kati ka dawo gida ka tarar da matsalarka tana jiranka.

Ka duba zafi kuma. Furosesa da katin hoto suna rage gudunsu da kansu idan suka yi zafi fiye da kima, don kada su lalace. Kwamfutar da ke farawa da kyau, bayan minti ashirin ta soma ja da baya, sau da yawa ƙura ce ta toshe fanka, ko man da ke tsakanin furosesa da masanyayarta ya bushe.

Abu na ƙarshe, kada matsakaicin FPS ya ruɗe ka. Masu gwajin kaya suna bayar da wata lamba ta hotuna mafi jinkiri, kashi 1 cikin ɗari na ƙasa. Ita ce hannunka ke ji. Na fi son kwamfutar da ke riƙe 100 ba tangarɗa a kan wadda ke tashi 200 ta faɗo 40 da zarar faɗa ya kaure.

Tambaya: Na ƙara kuɗin intanet na koma tsarin da ya ninka na da gudu sau biyar, amma ping ɗina bai sauka ba. Yanzu an ce in sayi rawuta (na'urar da ke raba intanet a gida) ta 'yan wasa mai eriya da yawa. Za ta yi magani?

Amsa: Da wuya. Abin da ka ƙara shi ne yawan bayanan da za su iya wucewa a sakan, wasa kuwa ba shi yake nema ba. Yawancin wasannin intanet ba sa cin ko megabit 1 a sakan yayin da ake buga su. 'Yan ƙananan saƙonni suke aikawa, sau gomiya a kowane sakan, buƙatarsu kawai su isa a kan lokaci. Faɗaɗa titi ba ya rage nisan gari. Babban tsari zai taimake ka wajen sauke wasa da sabunta shi, iyakarsa ke nan.

Nisa kuwa ba a sayen maganinsa. Haske na tafiya kimanin kilomita 200,000 a sakan a cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet. Uwar garken da ke nisan kilomita 5,000, zuwa da dawowa milisakan 50 ne mafi ƙaranci, tun kafin a lissafa kwane-kwanen hanya da na'urorin da saƙon ke ratsawa. Don haka abu na farko, shiga saitin wasan ka tabbata yankin da ya fi kusa da kai ka zaɓa. Mutane da yawa suna buga wasa a wata nahiya ba su sani ba, don kawai abokinsu ne ya buɗe ɗakin. Wannan lissafin ne ma ya sa intanet na tauraron ɗan'adam mai tsayawa a nisan kilomita 35,786 ke ba da jinkirin kusan milisakan 600, wanda bai dace da wasan harbi ba sam, alhali masu shawagi a kusan kilomita 550 suna ba da jinkirin da za a iya wasa da shi.

Abin da ke hannunka shi ne tsakanin rawuta da kwamfuta, kuma shawarata ɗaya ce: ja waya. Kebul ɗin Cat5e na ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100, kuma a duk kayan wasa babu wanda ke ba da riba mai yawa a kuɗi kaɗan kamarsa. Wi-Fi iska ɗaya yake rabawa da wayoyin gida da na maƙwabta. Idan saƙo ya ci karo da wani sai a sake aika shi, daga nan ping ke tsalle. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kowa kuma a kansu yake cunkushe. In jan waya ya gagara, koma zangon 5 GHz ka matso kusa da rawuta, domin shi bango na rage masa ƙarfi da sauri. Mai amfani da intanet ɗin wayar salula kuma ya haɗa ta da kwamfuta ta kebul ɗin USB maimakon ya raba ta iska, ya cire matsala ɗaya daga hanya.

Akwai wuri ɗaya da rawuta ke da tasiri na gaske. Ka lura, ping ɗinka na haukacewa ne idan wani a gidan ya fara ɗora bidiyo ko sauke babban fayil? To saƙonnin wasanka ne ke bin dogon layi a bayan nasa. Maganin wannan shi ne tsarin kula da layi da ake kira SQM, wanda ke hana babban kaya tare wa ƙanana hanya. Ana samunsa a wasu rawutoci masu matsakaicin kuɗi, da kuma manhajar OpenWrt da ake sa wa rawutoci da dama kyauta. Shi za ka nema a bayanin kayan. Yawan eriya da jan fenti ba sa cikin lissafi.

Tambaya: Zan haɗa kwamfuta daga tushe, kuɗina kaɗan ne. Ina buga Fortnite da Apex Legends da Dota 2. Yaya zan raba kuɗin, kuma sabon zubi zan bi ko tsoho?

Amsa: Fara da yanke shawarar cewa a 1080p za ka yi wasa. Wannan kaɗai ya sauƙaƙa rabin lissafin. Daga nan kaso mafi tsoka, wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi biyu cikin biyar, ya tafi ga katin hoto. Sauran a raba wa furosesa da madabod (farantin da ake jona dukan sassan a kansa) da RAM da ma'ajiya da na'urar wuta da akwati.

A furosesa, mai ƙwaya shida ta wadatar, wato mai sassan lissafi shida a cikinta. Biyu ne na daɗe ina nuna wa masu ƙaramin ƙarfi: Ryzen 5 5600 ta AMD da Core i5-12400F ta Intel, dukansu na 2022. Harafin F a sunan ta Intel na nufin ba ta da sashen zana hoto a cikinta, dole sai da kati, kai kuma dama za ka saya. Kada yawan ƙwayoyi ya ja ka. Wasa ya fi amfana da ƙwayoyi kaɗan masu sauri a kan goma sha biyu masu nawa. Ya fi son wata ƙaramar ma'ajiya mai saurin gaske da ke cikin furosesar kanta, wadda ake rubutawa L3. Ita ce bambancin Ryzen 5 5600 mai megabait 32 da Ryzen 5 5500 mai 16, sunaye kusa da juna amma a wasan gasa ana jin tazarar. Ita ce kuma ta sa Ryzen 7 5800X3D mai megabait 96 ta yi suna a wajen 'yan wasa.

Batun sabo ko tsoho, ga yadda yake. Mazaunin furosesa na AMD mai suna AM4 ya fito tun 2016, yana amfani da RAM irin DDR4, kayansa sun cika kasuwa, sababbi da na hannu, amma ya zo ƙarshen tafiyarsa. AM5 ya zo a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma yana ba ka damar canza furosesa nan gaba ba tare da taɓa madabod ba. Ka lissafa furosesa da madabod da RAM a dunƙule ta kowane ɓangare a ranar da za ka saya, domin farashin waɗannan kaya ba ya zama wuri ɗaya. In tazarar za ta tilasta maka sauka mataki guda a katin hoto, ɗauki tsohon zubi ka sayi kati mai kyau. Ba na son mutum ya yi shekara biyu yana wasa a wahale don wani canji da wataƙila ba zai taɓa yi ba.

Madabod ba ta ƙara FPS. Ɗauki mai sauƙi daga kamfanin da aka sani, mai gurbin RAM da na SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri, marar faifai mai juyi) da kake buƙata. In B450 ce ko makamanciyarta, ka tambaya ko an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, don ta karɓi Ryzen 5000.

RAM kuwa a nan ake yawan tafka asara a ɓoye. Gigabait 16 za ka saya, amma sanda biyu masu 8, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu zuwa furosesa, ɗaya kuwa rabin hanyar take bayarwa, kuma a waɗancan hotuna masu jinkiri ake ganin illar. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake sakawa, littafin madabod zai tabbatar maka. Bayan ka haɗa, shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM mai suna XMP, ko EXPO a sababbin kayan AMD. In ba ka yi ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai iya zama yana gudu a 2133 har abada ba wanda ya gaya maka.

Ma'ajiya dole SSD. Tsohon faifai mai juyi na karanta megabait 100 zuwa 200 a sakan, SSD na SATA kusan 550, NVMe na ƙarni na uku kusan 3,500. Tsalle daga faifai zuwa SSD babba ne. Daga SATA zuwa NVMe mafi sauri kuwa, a lodin wasa 'yan sakanni ne. Saboda haka girma za ka fifita a kan gudu, tunda akwai wasannin da guda ɗaya ke haura gigabait 100.

Sai na'urar da ke raba wa sassan wuta. A kan wannan ba na sassautawa: araha ba ta ado. Ita kaɗai ce idan ta mutu za ta iya tafiya da sauran kayan. Wat 550 zuwa 650 daga kamfani sananne, mai garanti na shekaru, ya ishi irin wannan kwamfutar. Tambarin 80 Plus yana nuna rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne. In sai an rage wani abu, a rage a akwati da fitilu.

Tambaya: Sunayen katunan hoto sun rikita ni. Wanne ya dace da 1080p, kuma na hannu yana da haɗari?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da gaskiya, sunayen na da ruɗani, kuma wani ruɗanin na cin kuɗin mutane. A wannan mataki, Radeon RX 6600 na 2021 mai gigabait 8 har yanzu yana riƙe wasannin gasa da kyau, wat 132 kawai yake ci. Sama da shi kaɗan akwai RX 7600 da GeForce RTX 4060, dukansu na 2023 masu gigabait 8. RTX 3060 na asali yana da gigabait 12. Intel ma ta fitar da Arc B580 mai gigabait 12 a Disambar 2024, sai dai katunan Arc suna buƙatar wani saiti mai suna Resizable BAR, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi, kuma ba tare da shi ba ƙarfinsu na zubewa. Gigabait 8 ya isa wasannin gasa. In kina son manyan sababbin wasanni da saiti mai nauyi, nemi 12 zuwa sama.

Yanzu ga ramukan. Akwai katunan da suna ɗaya ne amma kaya biyu ne. RTX 3060 na da wani zubi mai gigabait 8 da aka ƙuntata wa hanyar bayanai, ya fi na 12 rauni. RTX 3050 mai gigabait 6 bai kai mai 8 ba, ba a ma'ajiya kaɗai ba har a ƙarfin zane. GT 1030 na da mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya faɗi ƙasa warwas. RX 580 na da wani mai laƙabin 2048SP da bai kai na asali ba. RX 6500 XT kuma gigabait 4 ne da layukan haɗi huɗu kacal, a tsohuwar madabod mai PCIe 3.0 yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Ki karanta cikakken suna har ƙarshe, ki duba gwajin wannan zubin takamaimai a wasan da kike bugawa.

Na hannu ba laifi ba ne, a gaskiya nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi cin riba. Sharaɗin shi ne ki ga katin yana aiki kafin ki biya. A sa shi a kwamfuta, a buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar sunan da ma'ajiyar sun yi daidai da abin da aka faɗa, a kunna wasa mai nauyi na minti ashirin ko talatin. Ki kula da ɗige-ɗige ko layuka masu launi a allo, da fankar da ke ƙara ko ta ƙi juyawa, da zafin da ke hawa ba tsayawa. Katuna da yawa da aka yi haƙar kuɗin kirifto da su sun shigo kasuwa bayan Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumbar 2022. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun sha aiki dare da rana. Mai sayarwar da ya ƙi a gwada, ki bar masa kayansa.

Tambaya: Ɗana yana son wasa da abokansa. Na samu tsohuwar kwamfutar ofis da araha, an ce in ƙara mata katin hoto kawai. Hanya ce mai ɓullewa?

Amsa: Ranka ya daɗe, tana ɓullewa, kuma ina jin daɗin ganin uba yana bincike kafin ya saya. Amma a duba abubuwa uku.

Na farko shekarun furosesar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan ya shafi wasa kai tsaye, domin manhajojin hana maguɗi sun fara neman waɗannan matakan tsaro. Valorant a kan Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 da Secure Boot, Battlefield 6 ma ba ya tashi sai da Secure Boot. Don haka Core i5-8500 zuwa sama za a nema. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba na ba da shawarar tarkacen tsofaffin furosesocin Xeon da ake haɗawa da madabod marar suna, duk da yawan ƙwayoyin da ake tallata su da shi.

Na biyu wuta. Irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP da Lenovo suna zuwa da ƙaramar na'urar wuta, sau da yawa mai mahaɗi na kamfanin kaɗai, ba ta da wayar da manyan katuna ke buƙata, canza ta kuma ba sauƙi. Gurbin katin da kansa wat 75 yake bayarwa, sai a tsaya kan katunan da wannan ya ishe su: GTX 1650 marar mahaɗin wuta, RX 6400, ko RTX 3050 mai gigabait 6. A nan ne wannan na ƙarshen ke da amfaninsa.

Na uku girman akwati. Siririyar kwamfuta gajeren kati kaɗai take ɗauka. In da zaɓi, a ɗauki mai tsayin hasumiya.

Da an cika RAM zuwa 16 a sanda biyu, an sa SSD, yaro zai buga Fortnite da Minecraft da Rocket League da League of Legends cikin jin daɗi a matsakaicin saiti. In kuma sabuwa ake so ba tare da kati ba tukuna, Ryzen 5 5600G ko 8600G suna da sashen zana hoto a cikinsu da ke ɗaukar wasanni marasa nauyi, a ƙara kati daga baya. Su kam RAM sanda biyu wajibi ne, domin daga shi suke aron ma'ajiyar hoto.

Tambaya: Laftof ko ta tebur?

Amsa: In ba yawo za ka riƙa yi da ita ba, ta tebur. Kuɗi ɗaya, ƙarfi ya fi yawa, sanyi ya fi, kuma kowane sashe ana iya canza shi. In dole sai laftof, to ka san sunan katin ba ya faɗin komai shi kaɗai. RTX 4060 na laftof ana iya ba shi wuta daga wat 35 har 115, gwargwadon yadda kamfanin ya ga dama, kuma tazarar aikinsu babba ce. Nemi wannan lambar a bayanin kayan. Ka tabbata RAM ɗin ba a like yake da madabod ba, ko aƙalla akwai gurbin ƙari. Yayin wasa a jona ta da wuta, domin a kan batir tana rage gudu, a kuma ɗaga bayanta don iska ta shiga.

Tambaya: Ragowar kuɗina zai sayi allo ɗaya: babba mai 4K, ko ƙarami mai 144 Hz. Wanne?

Amsa: Mai 144, ba tare da wani dogon tunani ba. Allon 1080p na da ɗigo 2,073,600, na 4K na da 8,294,400, ninki huɗu cif. Katin mai ƙaramin ƙarfi zai durƙusa a ƙarƙashin wannan nauyin. Allon 60 Hz kuwa, ko kwamfutarka na zana hoto 200 a sakan, sau 60 kawai zai sabunta abin da kake gani. Tashi daga 60 zuwa 144 na rage tazarar hotuna da kusan milisakan 10, hannu da ido duk suna shaidawa. Daga 144 zuwa 240 ragin bai kai milisakan 3 ba, wannan na masu gasar neman kuɗi ne. Inci 24, 1080p, 144 ko 165 Hz, mai FreeSync (fasahar da ke daidaita allo da katin hoto), shi ne ma'aunin da nake bayarwa.

Idan ya iso, abubuwa biyu suna hana mutane cin moriyarsa. Wasu suna jona kebul a bayan madabod maimakon a jikin katin hoto. Wasu kuma ba sa shiga saitin allo na Windows su zaɓi 144, sai allon ya zauna a 60. Yi amfani da DisplayPort in akwai. A cikin wasa ka kashe V-Sync don yana ƙara jinkiri, ka kunna Nvidia Reflex ko AMD Anti-Lag in wasan na da su, ka rage inuwa da hayaƙi da sauran ƙawa. Fasahar ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakani tana kumbura lambar FPS amma ba ta sa wasan saurin amsa hannunka, a wasan gasa a bar ta a kashe. Mai wasa a talabijin kuma ya kunna yanayin wasa na talabijin ɗin, domin gyaran hoton da yake yi na cin lokaci.

Tambaya: Maus da kibod na 'yan wasa suna da amfani, ko talla ce kawai?

Amsa: Maus na da shi. Na ofis yawanci sau 125 yake aika rahoto a sakan, wato kowane milisakan 8, na wasa kuwa sau 1,000, kowane milisakan 1. Mai matsakaicin kuɗi daga sanannen kamfani ya wadatar, abin dubawa shi ne ya zauna a hannunka daidai. Lambobin DPI (ma'aunin saurin jin motsi na maus) na dubbai barkatai da ake bugawa a kwali ba za ka yi amfani da su ba, ƙwararru da yawa a 400 zuwa 1,600 suke wasa. In marar waya kake so, ɗauki mai 'yar na'urar USB tasa da ake sokawa a kwamfuta, ka guji Bluetooth a maus da abin kunne duka saboda jinkirinsa. Kibod kuwa kowanne zai yi, muddin yana karɓar maɓallai uku ko huɗu a danne lokaci ɗaya ba tare da ya manta da ɗaya ba. Gwada naka: riƙe W da A da Shift, ka danna maɓallin tsalle. In ya amsa, bar shi, ka kai kuɗin wajen RAM ko kebul ɗin intanet.